Man tsirrai yana kashe ƙwayoyin cuta, to me ya hana a shafa shi a ɗinkin tiyata?

Tambaya:

Assalamu alaikum likita, barka da aiki. Mahaifiyata ce za a yi wa tiyata nan da sati uku, za a cire mata mahaifa saboda ƙari, kuma tana da ciwon suga. Ni babban tsorona kar ɗinkin ya yi ruwa. Na karanta a intanet cewa tataccen man tsirrai irin su man kanumfari da man ti-tiri suna kashe bakteriya har da waɗanda suka gagari antibayotik, shi ne na ce ko in nemo in riƙa shafa mata idan an sallame mu? Sannan likitanta ya ce allurar antibayotik guda ɗaya kawai za a yi mata kafin a shiga, ba za a ba mu na sha mu tafi da shi gida ba, ni kuma gaskiya hankalina bai kwanta ba. Don Allah a yi mani bayani.

Amsa:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya, ya sa a yi a sa'a, ke kuma ya saka maki da alheri kan wannan kulawa.

Bari in fara da abin da ya fi muhimmanci kafin dogon bayani. Don Allah kar ki shafa wa ɗinkin nan kowane irin mai, ko na kanumfari ko na ti-tiri ko waninsu. Maganar allura ɗaya kuma likitanta yana kan daidai, haka tsarin yake, kuma zan gaya maki dalili.

Abin da kika karanta ba ƙarya ba ne fa. Waɗannan mayuka da ake tatsowa daga ganye ko fure ko ɓawon itace, galibi ta hanyar turara su da tururi, suna ɗauke da sinadarai masu ƙarfi sosai. Kanumfari yana da yujinol, ganyen tayim yana da timol, oregano yana da kabakurol, kirfa tana da sinamaldihaid, shi kuma ti-tiri wata bishiya ce ta ƙasar Ostareliya, babban sinadarinta ana ce masa tafinen-4-ol. Idan ka shuka bakteriya a ɗan farantin gwaji na lab ka ɗiga mata ɗaya daga cikin waɗannan, washegari za ka ga wani zagaye fes a gefen ɗigon inda babu abin da ya tsiro, har da irin bakteriyar nan Istaf (Staphylococcus) mai taurin kai wajen bijire wa antibayotik, wadda ake ce wa MRSA. Yadda suke yi shi ne, da yake su mai ne, sai su ratsa cikin siririyar fatar da ta lulluɓe ƙwayar bakteriya, wadda ita ma da maiƙo aka gina ta, su huda ta, abin da ke ciki ya tsiyaye, ƙwayar ta mutu. Wasu bakteriya sun fi wasu saurin mutuwa, wata kamar Sudomonas kam tana da juriya sosai ga yawancinsu.

Toh ina matsalar? Matsalar ita ce ƙwayoyin halittar jikin mutum su ma da irin wannan fata mai maiƙo aka lulluɓe su. Man ba ya tantance na gida da baƙo. Idan fata lafiyayya ce ba yanka, akwai busasshen sashe na sama da yake kare abin da ke ƙasa, amma a wurin da aka yanka aka ɗinke, sababbin ƙwayoyin halitta ne a buɗe suna ta ƙoƙarin haɗe bakin ciwon, su ne za su fara ƙonewa. Naman da ya ƙone ko ya mutu kuwa shi ne abincin bakteriya, kin ga maimakon a yi gyara an yi ɓarna ke nan. Ki kwatanta da fenisilin da danginsa, irin sefazolin ɗin da aka fi yi wa masu shiga tiyata. Su bangon waje na bakteriya suke rushewa, wani bango mai tauri wanda ƙwayar halittar ɗan Adam ba ta da shi kwata-kwata, shi ya sa ake iya zuba su cikin jijiya su zagaya jiki duka su kashe ƙwayar cuta su bar mutum. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin maganar gaba ɗaya. Kashe ƙwayar cuta abu ne mai sauƙi, bilic ma yana kashewa, tafasasshen ruwa ma haka, inda aikin yake shi ne a kashe ta ba tare da an cutar da mai ɗauke da ita ba.

Sai maganar yawa. Kafin man ti-tiri ya hana Istaf yaɗuwa a lab ana buƙatar wajen kashi 0.5 cikin 100, wato kamar miligiram 5 a kowace mililita ɗaya. Sefazolin kuma wajen maikrogiram 1 a mililita ya ishe shi, bambancin ya kai ninki dubbai. Babu yadda za a yi a kai jinin mutum wannan matakin na mai ba a ba shi guba ba. Kuma guba ce ta gaske, man ti-tiri idan an sha yana kawo ruɗewa da tangaɗi har da suma, man bishiyar turare, wato yukaliftus, yana iya sa yaro jijjiga, man kanumfari idan yaro ya sha yana iya lalata masa hanta. A fata ma, kwalbar da ta daɗe a buɗe iska da haske sun taɓa ta ta fi saurin kawo ƙaiƙayi da ƙuraje. Ga shi kwalba biyu masu suna ɗaya ba lallai ƙarfinsu ya zo ɗaya ba, ya danganta da inda aka noma tsiron da lokacin da aka girbe shi da yadda aka tace, wani ma an surka shi da wani abu. Kuma ba a kashe masa ƙwayoyin cuta irin yadda ake yi wa kayan tiyata ba, shi kansa yatsa ko audugar da za a shafa da ita hanya ce ta kai datti wurin.

Ba wai ina raina tsirrai ba ne, ni kam ina ganin girmansu sosai a wannan fanni. Kwinin daga ɓawon itacen sinkona aka ciro shi a 1820. Atemisinin, wanda a yau shi ne ƙashin bayan maganin zazzaɓin cizon sauro, daga ganye Tu Youyou ta ƙasar Sin da abokan aikinta suka ciro shi a 1972, har aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Amma ki lura da hanyar da suka bi, an ware sinadarin, an auna, an gwada a jikin mutane, an san adadin da yake warkarwa da adadin da yake cutarwa. Su ma mayukan suna da wuraren da suka samu karɓuwa. Likitocin haƙori sun daɗe suna haɗa yujinol da hodar zink su yi cikon wucin gadi. Ruwan kurkure baki na Listerine, wanda aka fara haɗawa a 1879, akwai timol da mentol da yukaliftol a cikinsa. Wani gwaji da aka yi a Ostareliya a 1990 ya nuna jel mai kashi 5 na ti-tiri yana rage ƙurajen fuska, duk da dai ya fi maganin da aka kwatanta shi da shi jinkirin aiki. Duk waɗannan a saman fata ne ko cikin baki, an surka, an auna. Sabon yankan tiyata ba ya cikin jerin.

Akwai wani tarihi da ya dace da tambayarki sosai. Joseph Lister, likitan tiyata a birnin Gilasgo na Birtaniya, a 1865 ya fara sa sinadarin kabolik a kan raunin karaya, ya wallafa sakamakonsa a 1867, a zamanin da ruɓewar ciwo bayan tiyata take kashe mutane ba adadi. Mace-mace suka ragu ƙwarai, duniya ta koyi darasi. Amma kabolik yana cin fata, yana ƙona nama, hannayen masu aikin kansu tsagewa suke yi, har feshin da yake yi a iskar ɗakin tiyata shi da kansa ya daina a 1890. Shi timol da kabakurol da yujinol ɗin nan 'yan gida ɗaya ne da kabolik a ilimin sinadarai. Wato likitoci sun riga sun bi wannan hanya ta zuba abu mai zafi a ciwo, suka ga iyakarta, sai suka koma ga abin da ya fi, a hana ƙwayar cuta isa wurin tun farko. Daga nan aka samu safar hannu da riga da takunkumi, da tukunyar tururi mai matsi da ake dafa kayan aiki a zafin digiri 121 na aƙalla minti 15 ko digiri 134 na 'yan mintoci, don akwai bakteriya masu yin ƙwanso da tafasa kawai ba ta gamawa da su.

Yanzu maganar allura ɗaya, wadda na ga ita ce ta fi tsaya maki a rai. Yawancin ƙwayoyin da suke sa ɗinki ya yi ruwa a lokacin aikin suke shiga, daga sanda wuƙa ta taɓa fata zuwa sanda aka ɗaure zaren ƙarshe, kuma galibi daga jikin mara lafiyar suke fitowa, fatarta ko hanjinta ko farjinta, ya danganta da inda aka buɗe. Saboda haka abin da ake so shi ne a daidai wannan lokacin maganin ya riga ya cika jini da nama yana jira. Wani mai bincike, John Burke, ya nuna haka a jikin dabbobi tun 1961, cewa idan aka jinkirta maganin 'yan awanni bayan ƙwayar ta shiga to amfaninsa ya tafi. A 1992 aka wallafa wani bincike a Amurka kan marasa lafiya 2,847. Waɗanda aka yi wa allurar cikin awa biyu kafin yanka, kashi 0.6 cikin 100 ne ciwonsu ya harbu. Waɗanda aka yi wa da wuri sosai, awanni da yawa kafin aiki, kashi 3.8. Waɗanda aka bari sai bayan an wuce awa uku da fara aiki, kashi 3.3. Abin da ya raba su shi ne lokaci.

Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojin da ta fitar a 2016 ta ce a bayar cikin minti 120 kafin yanka, yawancin asibitoci ma cikin minti 60 suke yi idan sefazolin ne, babban mutum giram 2, mai nauyin da ya kai kilo 120 a ba shi giram 3. Idan aikin ya ja ya kai awa huɗu ko an zubar da jini da yawa sai a ƙara wata allurar a nan cikin ɗakin. Da an rufe fata kuma aikin antibayotik ɗin ya ƙare, hukumar ta fito fili ta ce kar a ci gaba da bayarwa da sunan rigakafi. Wanda bai bayar a kan lokaci ba ya zo yana ɗura wa mutum kafso na sati guda, ya rufe ƙofa da ɓarawo ne kawai. Gwaje-gwaje da yawa sun kwatanta allura ɗaya da ta kwanaki, ba a ga ƙarin kariya ba, abin da aka gani shi ne ƙarin illa, gudawa, wahalar ƙoda, da wata muguwar cutar hanji da ake samu idan antibayotik ya share bakteriya masu amfani ya bar wata mai suna Kulostiridiyoyidis difisil ta mamaye wurin.

Sannan ga babbar damuwar da ta shafe mu duka. Duk lokacin da aka sha antibayotik ba bisa buƙata ba, raunanan ƙwayoyi ne suke mutuwa masu tauri su rage su hayayyafa, idan ciwon ya zo ya harbu daga baya to da waɗannan masu taurin za a yi fama, maganin farko ba zai yi ba sai an nemo mai tsada mai illa. Alexander Fleming da ya gano fenisilin a 1928 ya yi wannan gargaɗi tun a jawabinsa na karɓar Nobel a 1945. Wani babban ƙiyasi da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya nuna a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda bakteriya masu bijire wa magani. Wannan abu yana damuna matuƙa, domin ranar da sefazolin ya daina aiki, tiyatar da ake ɗauka mai sauƙi a yau za ta koma abin tsoro. Amma ki gane, duk wannan a kan rigakafi nake magana, idan aka buɗe aka tarar akwai cuta a ciki ko ta taso daga baya, wannan magani ne na warkarwa kuma likita zai rubuta na kwanaki.

Toh ke me za ki yi a sati ukun nan? Akwai abubuwa a hannunki da suka fi kowane mai tasiri, na farkonsu suga. Idan suga ya yi sama fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojin jiki, ba sa iya kama bakteriya su cinye yadda ya kamata, ciwo kuma yana jinkirin haɗewa. Ki raka Mama wurin likitan da ke duba sugarta tun yanzu, a yi mata gwajin nan da yake nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, a daidaita magani idan da buƙata, kuma ku tambaya dalla-dalla wane magani za ta sha wane za ta tsayar a daren aiki da safiyar aiki tunda za ta kasance ba ci ba sha. A duba ko tana da ƙarancin jini, masu ƙari a mahaifa sau da yawa sun daɗe suna zubar da jini. Idan tana shan wani haɗin ganye ko ƙarin sinadarai na kanti ku gaya wa likita, wasunsu suna tsinka jini ko su yi karo da maganin sa barci, yawanci ana so a dakatar kamar sati biyu kafin aiki. Idan kuma ta taɓa shan fenisilin ko wani antibayotik jikinta ya yi bori ko numfashinta ya sarƙe, wannan dole a faɗa, akwai madadinsa.

Kar ta yi aski da reza a mara ko ciki, ko da kuwa tana ganin tsafta ce. Reza tana barin ƙananan yanka da ido ba ya gani, kafin safiya bakteriya sun zauna a ciki. Idan gashin zai hana aiki, ma'aikata za su rage shi da injin aski dab da shiga. Ta yi wanka da sabulu a daren da kuma safiyar ranar, sabulu na yau da kullum ya wadatar, a wanke cibiya da matsematsi sosai, kar a shafa mai ko hoda bayan wankan. Wasu asibitoci suna gwada hanci, don kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da Istaf a hancinsa ba tare da ya sani ba, wanda aka samu da ita sai a ba shi man mufirosin na kwana biyar, an fi yin haka kafin aikin zuciya da na ƙashi.

A cikin ɗakin kuma za a goge fatar da maganin kashe ƙwayoyi, kuloheksidin mai haɗe da sipirit ko ayodin, a bar shi ya bushe sarai kafin a rufa mayafai, don bushewar tana cikin aikinsa kuma sipirit mai danshi yana iya kamawa da wuta idan an kunna na'urar ƙona jijiya. Wani gwaji na 2010 ya samu kashi 9.5 da kuloheksidin, kashi 16.1 da ayodin, amma wani babba da aka wallafa a 2021 bai ga bambanci ba, don haka kar ki damu da wanne suka ɗauko. Za a kula kar jikinta ya yi sanyi, sanyi yana matse ƙananan jijiyoyi ya rage iskar oksijin da ke isa ciwon, a wani gwaji na 1996 kan masu tiyatar hanji waɗanda aka ɗumama kashi 6 ne suka harbu, waɗanda aka bari suka yi sanyi kashi 19. Har canza safar hannu da kayan aiki kafin a rufe ciki an gwada a mutum sama da 13,000, aka ga ya rage harbuwa daga kusan kashi 19 zuwa 16. Ƙananan abubuwa ne da ake tarawa, babu guda ɗaya da yake ɗauke nauyin shi kaɗai.

Idan kun koma gida aikinki ba shi da yawa amma yana son natsuwa. Bandejin farko a bar shi yadda aka sa na awa 24 zuwa 48 ko yadda nas ta ce, a cikin wannan lokacin fatar sama take haɗewa ta rufe ƙofar. Duk wanda zai taɓa wurin ya wanke hannu da sabulu kafin da bayan, masu zuwa dubiya kuma kar a riƙa buɗe masu suna leƙawa. Bayan kwana biyu yawanci ana iya wanka, ruwa ya bi ta kai, a dangwala da tawul mai tsabta har ya bushe, musamman idan fatar ciki tana ninkowa ta rufe ɗinkin, nan ne gumi yake taruwa. Ba sipirit, ba ruwan nan mai kumfa na wanke ciwo, ba garin kafso da wasu suke buɗewa su barbaɗa. Ta riƙa tashi tana takawa kaɗan-kaɗan, ta ci abinci mai gina jiki, a ci gaba da auna suga kullum don wahalar tiyata tana sa shi hawa ko da ba ta ci komai ba.

Ki riƙa duba wurin sau ɗaya a rana a haske mai kyau, in da hali ki ɗauki hoto da waya don ki iya kwatanta na yau da na jiya. Ɗan ja siriri a bakin ɗinki da ɗan ruwa garai-garai a kwanakin farko ba abin tashin hankali ba ne. Abin da zai sa ku koma asibiti a ranar ba sai an jira ranar da aka ba ku ba shi ne ja yana faɗaɗa, wurin ya ɗau zafi ya kumbura ya yi tauri, ciwo yana ƙaruwa maimakon raguwa, mugunya ko wari, ɗinki ya buɗe, zazzaɓi da ya kai digiri 38, ko ruwa mai wari yana fita ta gaba, ko suga ya haura ya ƙi sauka ba dalili. Yawanci tsakanin kwana na biyar da na goma ake fara ganin alamun, amma ana ci gaba da lura har kwana 30. Idan hakan ta faru kar ki sayo antibayotik ki fara ba ta kafin ku je, yana ɓata sakamakon gwaji. Sau da yawa abin da likita zai yi shi ne ya warware zare ɗaya ko biyu ya bar mugunyar ta fita, ya wanke da ruwan gishirin asibiti, ya ɗebi samfur a kai lab a ga wace bakteriya ce kuma wane magani ne yake kama ta, sannan a zaɓa mata wanda ya dace.